Kwano a Kan Katanga

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sayar da tuwo a bakin titi, daura da ƙofar babban asibitin koyarwa, kafin annobar korona ta zo ta kife min tukunya. Masu jinya ne abokan cinikina, da ɗalibai masu karatun likita, da masu gadi, da 'yan adaidaita sahu. Duk faɗin unguwarmu Gyadi-Gyadi ba mai kirana da sunan yanka. Uwar tuwo ake ce min, ni kuma in amsa da ƙarfi, don sunan yana min daɗi. Ina da baki, ba na musu. Wanda ya ce miyata ta yi ruwa, ranar sai ya gwammace bai fito daga gida ba. Amma ban taɓa barin mai jinya ya tashi da yunwa don ba shi da ko sisi ba, kuma na tabbatar kowa a unguwa ya san haka. Daga baya na gane wannan halin ba duka ne na kirki ba.

Mu biyu ne a gida, ni da Inna mahaifiyata. Maigidana ya daɗe da rasuwa, 'yata ɗaya tal tana aure a Zariya. Inna tana da ciwon suga, shekaru ke nan da likita ya hana ta azumi, ya kuma ja min kunne kada ta sha maganinta ciki ba komai. In abincinta ya yi jinkiri, hannunta ne yake fara faɗa: ya kama rawa, gumi ya keto mata a goshi, idonta ya yi wani iri kamar ba ta san ni ba. Sau biyu na taɓa ganin haka kafin annoba, ban so in ga na uku ba.

Bayan katangarmu ta gabas gidan Hajiya ne. Mijinta tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya rasu ya bar mata gidan da ya fi namu komai: ƙofar ƙarfe mai koren fenti, tankin ruwa a sama, tsakar gida shafe da siminti. Ɗanta ɗaya yana aiki a Fatakwal. Akwai wata mata da take kwana a wurinta tana mata girki da cefane, to ita ta tafi biki ƙauyensu ana saura kwana biyu a rufe gari, hanya ta rufe da ita a can. Na san da wannan. Ba zan ce ban sani ba.

Tun ina yarinya, duk azumi akwai kwanon da yake zirga-zirga tsakanin gidanmu da na Hajiya. Farin kwano ne mai murfi da zanen jan fure, bakinsa ya ɗan ɓantare. Dab da shan ruwa mu zuba abin da muka dafa mu miƙa, washegari da hantsi ya dawo a wanke da wani abu a ciki. A wurinmu ba a mayar wa maƙwabci kwanonsa fanko. Ko dabino uku ne ka saka, ko goro ɗaya, domin in ka mayar da shi wayam ka nuna ke nan sadaka ya ba ka, ba zumunci ba. Hajiya kuwa mace ce mai tsare irin wannan har ya wuce misali. Wata damina ta zubar da bulo biyu a saman katangar, daidai kafaɗar mutum, sai wurin ya zama hanyar kwano. In na ajiye sai in buga murfin sau biyu da ludayi. Ita gajera ce, hannunta kawai nake gani ya ɗago ya ɗauka.

Da aka sa dokar kulle, mako ɗaya aka ce, har dariya na yi. Ina da ragowar masara a buhu, da kuka, da daddawa, da manja a galan, duk kayan sana'a. Na ce wa Inna hutun da na shekara goma sha ɗaya ban samu ba ne aka ba ni kyauta. A cikin makon nan ne wasu dattawa biyu daga kwamitin unguwa suka zo da takarda, suna rubuta gidajen da za a ba tallafin abinci. A ƙofar gida suka same ni, matan lungu suna leƙe daga zaurukansu su ji abin da zan ce.

"Uwar tuwo, mu saka ku?"

"Ku saka wa?" na ce. "Ni da nake ciyar da rabin titin nan? Ku kai wa mabuƙata, mu alhamdulillahi."

Ɗayan ya nuna koriyar ƙofar da biro. "Hajiya fa?"

"Kada ma ku ƙwanƙwasa, cin fuska ne. Ɗanta yana aiko mata, ku kun fi ta buƙata."

Suka yi dariya suka wuce, na koma ciki ina jin kaina wata tsiya.

Mako ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama ba a san ranar buɗewa ba. Azumi ya kama mu a kulle, cikin zafin da ko bango ka dafa sai ka janye hannu. Titi ya yi tsit. A tsakar gidanmu, da can hayaniyar motoci ba ta bari ka ji sallamar mai shigowa, yanzu har kukan akuyar lungu na uku kana ji, sai jiniyar motar asibiti jefi-jefi. Sannan tsofaffi suka fara mutuwa.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai zauna a Kano a lokacin ba. Masallatai a rufe, amma lasifika tana aiki. Bayan kiran asuba sai ladan ya gyara murya, kuma in ya gyara murya haka kowa ya san abin da zai biyo. Ya faɗi suna, ya faɗi lokacin jana'iza. Kafin ya gama, lasifikar wani masallacin ta ɗauka da wani sunan. Inna ta san su kusan duka: wannan tare suka yi makarantar allo, wannan ita ta yi wa matarsa zaman jego. Makara takan bi ta lungunmu da mutane kaɗan, da sauri, ba mai magana. Ba wanda yake faɗin abin da ya kashe mamaci. Zazzaɓi ne na kwana biyu, ake cewa, ko kuma ciwonsa ne na da ya tashi. In tari ya taso wa mutum sai ya shige ɗaki ya toshe baki da filo, kada maƙwabta su ji. Ni kuwa na kafa wa Inna doka: ba fita, ba mai shigowa, ko zaure kada ta taka. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ni tsoro faɗa yake zama a bakina.

Masara ta ja baya. A ranakun da aka ware a fita cefane nakan je kasuwar Tarauni in dawo da abin da bai kai rabin wanda na yi niyya ba, don komai ya tashi, ga shi jarina nake ci. Tuwo ya koma fate, fate ya koma kunu. Duk da haka kwanon Hajiya bai fasa fita ba. Ba zan yi ƙaryar tausayi ne ba. Tsoron ranar nake da za a ce gidan uwar tuwo an kasa fitar da kwanon azumi.

Farkon azumi kwanon yakan dawo da abin arziki: gwangwanin madara, sukari, dabino mai taushi. Daga nan sai ganyen shayi. Sai dunƙulen miya guda huɗu. Wata rana na buɗe na ga kwalin ashana. Washegari sabulun wanka, irin mai ƙamshin nan da ake zuwa da shi tsarabar aikin hajji, takardarsa har ta yi ja don daɗewa. Raina ya ɓaci.

"Inna, dubi rowar masu kuɗi," na ce. "Ina raba cikina da na uwata ina ba ta, ita tana aiko min sabulu. Wari ta ji ina yi?"

Inna ta karɓi sabulun ta daɗe tana juya shi. "Ki leƙa ta," ta ce.

"In leƙa ta in ɗebo miki me? Jiya na ji tana tari."

"Tarin tsufa ne, ni ma ina yi."

"To, ba inda za ni."

Nakan gaishe ta ta katanga, kada a ce ban yi ba. "Hajiya, ya ibada? Ba wata damuwa?" Amsarta ɗaya ce kullum: "Lafiya lau, 'yar nan, alhamdulillahi. Ki gaida Innarki." Abin da ya canja hannun ne. Da can ina bugawa yake fitowa. Daga baya sai in tsaya in tsaya, in ji jan takalmi a hankali daga ɗaki, sannan yatsu su hau kan bulo suna lalube. Na ga zoben azurfarta ya yi mata yawa, yana juyi a yatsa. Na gani da idona, na ce azumi ne. Bayan sabulu turaren wuta ya zo a ƙulle a leda, bayansa carbi, bayansa tandun kwalli.

Ranar da na kakkaɓe buhun masara na ji ana cewa za a raba tallafi a wata makarantar firamare a Tarauni. Na dama wa Inna kunu da ragowar garin, na zura wani tsohon hijabi da ba a san ni da shi ba, na ɗaura takunkumi har ƙarƙashin ido. Ranar ce kaɗai na gode wa takunkumin nan. Ba abin hawa, da ƙafa na tafi, da azumi a bakina, rana tana dukan tsakar kaina. Shaguna a garƙame, awaki kwance a tsakiyar kwalta. A hanya na wuce makara biyu, ta biyun ba kowa a bayanta sai masu ɗaukarta.

Layin mata ya fito daga makarantar ya zagaye katanga. Zancen ba da tazara kuwa babu shi, kowace ƙirjinta a bayan ta gabanta. Na tsaya tun hantsi har azahar ta gota ban ce uffan ba, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Dab da teburi wata ta nemi ta kutso gabana, bakina ya suɓuce, na wanke ta tas. Dattijon da yake riƙe da takardar unguwarmu ya ɗago kai. Ɗaya daga cikin biyun nan ne.

"Wannan murya ai ko a mafarki na san ta. Uwar tuwo, ke ce?"

Mata suka juyo. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ni ce, Malam. A duba min."

Bai ko duba ba. Ya rage murya, don mutumin kirki ne. "Baiwar Allah, ai da bakinki kika ce kada a saka ku. Abin gida-gida aka kawo shi, ba ni da ikon ɗaukar na wani in ba ki. Ki bari in an kawo wani, zan tuna da ku." Har na juya ya ƙara da cewa, "Hajiya dai tana lafiya ko? Ita ma ba mu saka ta ba."

"Tana lafiya," na ce.

A bakin ƙofar makarantar na zauna a ƙasa. Wata mata da ta karɓi nata ta tsaya a kaina tana kallona. Daga Darmanawa take, haka na ji tana faɗa wa wata a layi. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta kwance bakin buhunta ta ce in tara gefen hijabina, ta zuba min gero da tafin hannu, sau shida. Ban ga fuskarta ba, ita ma ba ta ga tawa ba. Na ƙulle geron na taho ina kuka a cikin takunkumi, kuma kukan takaici ne, ba na godiya ba.

Da yammar na daka geron na dama kunu, na zuba wa Inna, na zuba na Hajiya, na buga murfi. Hannun ya daɗe kafin ya fito. Washegari da hantsi na je katanga, ba kwano. Azahar, ba kwano. La'asar ta yi na tsaya a kan ɗan garin da ya rage ina kallonsa. In Inna ce kaɗai, ni in lashi ƙasan tukunya, zai kai mu kwana huɗu, zuwa ranar da za a sake buɗe kasuwa in je in sayar da babbar tukunyata. In da Hajiya, kwana biyu. Na sake duba katangar na ga ba komai a kanta, sai na ji wani sanyi a raina, kuma wannan sanyin ne har yau ban yafe wa kaina ba. Na ɗaga murya yadda Inna za ta ji daga ɗaki.

"To, Hajiya ta riƙe min kwano. Sai ta dawo da shi."

Inna ta fito tana dafa bango. "Kwano ɗaya gare ki a gidan nan?"

Kwanukan sana'ata sun fi hamsin, suna kife a kicin, tun da aka rufe gari ba wanda ya ci a cikinsu. Daga inda muke tsaye ana hango su.

"Wancan ne nata," na ce. "Shekara nawa ana yi, kin taɓa ganin an canja? In na aika da wani ai kamar na ce ta cinye min wancan ne."

"Ki ji tsoron Allah."

"Inna, ki bar ni! Ke nake tattali. Ita tana da ɗa mai albashi, ke wa gare ki in ba ni ba?"

Ban taɓa ɗaga wa uwata murya haka ba. Ta kalle ni, ta koma ɗaki.

Rana ta biyu Inna ta sha rabin kununta ta ture min sauran, ta nuna katanga da haɓa. Na ce ba inda za shi sai cikinta. Ta ƙi, na ƙi, kunun ya huce a tsakaninmu. Wajen la'asar hannunta ya kama rawa, gumin nan ya keto. Na rungume ta na jiƙa ragowar sukarin da Hajiya ta aiko na ba ta, na bi da kunun ina ɗura mata da ludayi, ina faɗa ina hawaye. Da ta dawo hayyacinta na ce wa kaina, kin gani ko, gaskiyarki ce. Da wannan na lallashi zuciyata ranar.

Rana ta uku ban je kusa da katangar ba ko kaɗan, shanya ma a ɗaya gefen na yi. Amma kunnena yana can. Ba jan takalmi, ba ƙarar buta, ba tari. Tarin da na ji tsoro, ranar nemansa nake yi. Da asubar rana ta huɗu ladan ya gyara murya, na tsaya da buta a hannu har ya faɗi suna. Na wani tsohon tela ne. Na ce alhamdulillahi, sannan na ji abin da na faɗa na yi istigfari.

Hantsi ya ɗaga ina shara na ji ƙarar ƙarfe a kan bulo, sau ɗaya, a hankali. Kwanon ne. Murfin a karkace, ban ga hannu ba. Na ɗauka na ji wani abu yana motsi a ciki. Makulli ne, da ɗan jan zare a ɗaure.

"Hajiya!" Shiru. "Hajiya, kina jina?"

Inna tana bakin ƙofar ɗaki, ta ga abin da ke hannuna. Ta miƙo min takunkumina.

Lungun ba kowa. Na sa makullin a koriyar ƙofar. Ba ta sa sakata ba. Tsakar gida a share tas. A gindin katanga na same ta, daidai ƙasan inda bulon ya zube, ta jingina, ƙafafu a miƙe, ɗankwalinta ya zame. Ɗora kwanon nan ne ƙarfinta na ƙarshe. Idonta a buɗe yake, leɓɓanta duk sun tsage.

Na ruga kicin neman abin da zan ba ta. Tukwane a wanke a kife. Robobin shinkafa da na wake an wanke su sun bushe. Na girgiza tukunyar gas, ba komai. Firji a buɗe, a goge. A kan tebur katin banki ne da wayarta a mace. Mai aikin ce ta san yadda ake ciro kuɗi da katin, wuta kuwa an fi mako ba a kawo mana ba. Gidan nan mai koriyar ƙofa ko ƙwayar shinkafa babu. Kwanon da nake aikawa don kada a yi da ni, shi ne abincinta gaba ɗaya. Daga baya ta faɗa wa Inna raba shi biyu take yi, rabi shan ruwa rabi sahur.

Na kawo ruwa na tallafo kanta. Ta kau da baki. "Ina azumi."

"Hajiya, wallahi sai kin sha. Zunubin a kaina."

Ta sha kaɗan. Da muryarta ta dawo, abin da ta fara cewa shi ne, "Ki yi haƙuri, 'yar nan, na riƙe miki kwano. Na duba gidan nan kaf ban ga abin da zan saka ba."

"Ki dawo da shi haka mana! Ki yi magana mana! Katanga ɗaya ce fa tsakaninmu!"

"Ke kin yi magana?" ta ce. "Tun da tuwo ya koma kunu na san abin da kuke ciki. Na ce in kwanon yana wurina kin huta, ba mai cewa kin gaza."

Na nuna mata makullin.

"Wannan don kada a ɓalla ƙofa ne in an zo ɗaukata. Marigayi Alhaji ne ya sa ta, yana sonta."

Na goya ta. Ba ta fi yarinya 'yar shekara goma nauyi ba. Na bi da ita ta lungu zuwa gidanmu na shimfiɗe ta a gadon Inna, dokar da na kafa ni na fara karya ta. Na dama sauran geron duka. Sannan na sa hijabina da kowa ya sani, na bi gidajen lungunmu ɗaya bayan ɗaya ina buga ƙofa. Duk wadda ta leƙo in ce mata, "Ba mu da abinci, ni da Inna da Hajiya." Maganar ba ta da tsawo, amma a ƙofar farko da ƙyar na faɗe ta. Kafin magariba kwanuka biyar suka shigo gidanmu, ba wanda ya cika, wani ma ludayi ɗaya ne na fate. Wata maƙwabciya mai wutar sola ta yi mana cajin wayar Hajiya, muka kira ɗanta. Ya ce duk sanda ya kira kafin wayar ta mutu, komai akwai take ce masa. Ya yi kuka sosai, ya faɗa min lambar sirrin katin, ranar kasuwa na ciko gidan da abinci.

Kaɗan Hajiya ta ci daga ciki. Kwana tara ta yi a ɗakin Inna, suna hira ƙasa-ƙasa irin ta tsofaffi, kullum tana ƙara shigewa cikin katifa. Zazzaɓi ya zo mata a na bakwai. Ana saura kwana biyu sallah ladanmu ya gyara murya, wannan karon sunan da na daɗe ina tsoron ji ne. Ni da maƙwabciyar nan muka yi mata wanka, da sabulun da ta aiko min, don shi ne mai kyau a gidan. Mutum shida suka raka ta. Ba a yi mata gwaji ba. Mutane sukan tambaye ni a asirce ko ciwon nan ne, in ce Allah ne masani, kuma gaskiya ce. Ba na cewa yunwa ce ta kashe ta, kwananta ne ya ƙare. Amma ni na ɗauke ta a bayana, na san abin da kwana ukun nan suka rage mata.

Da aka buɗe hanya ɗanta ya zo. Ya shigo gidanmu ya durƙusa a gaban Inna, mata sun cika tsakar gida ana gaisuwa. Ya juyo gare ni ya ce, yadda kowa zai ji, "Yaya, ban san da bakin da zan gode miki ba. A wayarmu ta ƙarshe Hajiya ta ce min tun farkon azumi ko rana ɗaya kwanonki bai yi fashi ba."

Mata suka hau sa min albarka. Wata ta ce ai ba a banza ake ce min uwar tuwo ba. Na ɗaga kai, Inna tana kallona daga kan tabarmarta, carbin Hajiya a hannunta, ta daina ja. Jira take in yi magana. Ni da ba a taɓa rufe min baki a Gyadi-Gyadi ba, na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya jiƙanta."

Kafin ya koma ya sa an toshe inda bulon ya zube. Inna ta yi shekara biyu bayan nan, ba ta taɓa tayar min da zancen ba, ba ta kuma yarda an zuba mata abinci a farin kwanon ba har ta rasu. Na koma sana'ata. Har yau ana nuna ni ana cewa ga wadda ta riƙe Hajiya a lokacin kulle, ko rana ɗaya ba ta yi fashi ba. Kwana uku ne. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu.